Kora, Ngoni ko Kamale Ngoni: Wanne Za Ka Saya, Wanne Za Ka Iya Koya?

Wanda kiɗan Mande, wato al'ummomin da suka fito daga tsohuwar daular Mali irin su Bambara da Mandinka, ya shiga ransa, ko ba daɗe ko ba jima sai sauraro ya daina isar sa, ya fara sha'awar ya ji tsirkiyar a ƙarƙashin yatsunsa. Daga nan ruɗani ke farawa. Kayan kiɗa masu tsirkiya na Mali da Gini da Senegal da Gambiya suna da yawa, kuma a bidiyon waya duk sai su yi wa baƙo kama da juna: ga fata, ga sanda, ga tsirkiya. Amma uku ne mai neman saye zai fi cin karo da su, wato kora, da ngoni na jali, da kamale ngoni. Ba kuɗinsu ɗaya ba, ba wahalarsu ɗaya ba, kuma ba gida ɗaya suka fito ba. Zancen gidan nan shi ne masu sayarwa ba su cika faɗa ba, alhali shi ya fi shafar wanda tarihin da ake rerawa a kan kiɗan ne ya jawo shi tun farko.

Biyu daga cikin ukun, wato kora da ngoni, kayan aikin jali ne, makaɗi mai riƙe da tarihi. Jali, ko jeli a bakin mutanen Mali, sana'arsa gado ce, kuma sunan gida kaɗai ya isa ya nuna shi: Kouyate, Diabate (a Gambiya su ne Jobarteh), Sissoko ko Suso, Konte. Jali ne ke riƙe da salsalar gidan ubangidansa, shi ke kai goron neman aure, shi ke shiga tsakani in an saɓa, shi ke tuna wa basarake abin da kakansa ya yi don kada ya ba da kunya. Da Ibn Battuta ya je fadar Mali a 1352, zamanin Mansa Sulaiman, ya gan su ranar idi a tsaye gaban sarki cikin shigar gashin tsuntsu, suna lissafa masa ayyukan waɗanda suka hau karagar kafin shi. Har yau, duk shekara bakwai in za a sake rufin ɗakin tarihi na Kamablon a Kangaba ta ƙasar Mali, Diabate na ƙauyen Kela ne ke zuwa su kawo tarihin Sunjata Keita, wanda ya kafa daular Mali bayan ya ci Sumanguru Kante da yaƙi a Kirina wajen 1235. Bahaushe ba baƙon irin wannan aiki ba ne. Wanda ya san matsayin Narambaɗa a fadar Sarkin Gobir na Isa ya riga ya san rabin zancen.

Abin da za a auna

Na farko kuɗi, kuma ba wanda mai ƙerawa ya faɗa da baki kaɗai ba. A haɗa da na ɗauko kayan daga Banjul ko Dakar ko Bamako, da na akwatin da zai kare su, da na tsirkiya, da abin da za a riƙa ba malami. Mutum yakan yi murnar ya yi ciniki mai kyau, sai kuɗin hanya ya cinye ribar.

Na biyu ƙarko, kuma a yanayinmu. Abin da aka haɗa a bakin teku a Gambiya, inda iska ke da laima, in ya iso Kano ko Damagaram cikin hunturu zai ji a jikinsa.

Na uku sauƙin koyo: yaushe za ka fitar da abin da wani zai zauna ya saurara? Na huɗu malami, ina yake kuma za ka iya kai kanka wurinsa? Na biyar haɗari, na ha'inci wajen saye da na fashewa a hanya. Na shida kuwa, wanda ni na fi ba nauyi, shi ne wace ƙofa abin kiɗan zai buɗe maka cikin tarihin baka, in ma zai buɗe.

Kora

Ita ce ta fi suna, ita ce kuma ta fi jan ido. Rabin ƙatuwar ƙwarya ce aka rufe da fatar saniya, aka soka doguwar sanda ta ratsa ta, aka tsayar da jaki mai tsaga-tsaga, wato icen da ke ɗaga tsirkiya, a kan fatar. Tsirkiya 21 ke bi ta gefen jakin biyu, 11 na hannun hagu, 10 na dama, ko da yake a Kasamas ta kudancin Senegal akan ƙara wasu don samun murya mai kauri. Makaɗi yakan zauna tsirkiyar na fuskantarsa, bayan ƙwaryar na fuskantar jama'a. Yatsu uku-uku na kowane hannu suna riƙe da 'yan sanduna biyu da ke gefe, saura huɗu ke nan su yi dukan aikin: manyan yatsu suna jan masu kauri, manuniya suna tsinkar masu zaƙi. A gefen ƙwaryar akwai rami inda sauti ke fita, kuma nan ne masu jin daɗi kan jefa kuɗi.

Mutane da yawa suna zaton kora ce ta yi wa Sunjata kiɗa. Ba ita ba ce. Asalinta daular Kabu ce, yankin da yau ya haɗa Gini Bisau da Kasamas da Gambiya, kuma jalolin can suna danganta ta ga Jali Madi Wuleng Sissoko. Bature na farko da ya ambace ta a rubuce shi ne Mungo Park, a 1799, inda ya ce tsirkiyarta 18. Saboda haka waƙoƙinta na gado na jaruman Kabu ne, irin su Kelefa Sane, wanda kiɗansa ne bisa al'ada ake fara koya wa yaro, da Janke Wali, sarkin ƙarshe, wanda ya sa aka cinna wa rumbun albarushi wuta a Kansala a 1867 da ya ga rundunar Futa Jalo ta ci ƙarfinsa. Daga baya ne aka ɗora mata tsofaffin kiɗe-kiɗen Mali, ta kuma ɗauke su da kyau.

Wajen kuɗi ita ce kan gaba cikin ukun, kuma da dalili. Ƙwarya mai girma da kauri da zagaye daidai ba a kowace gona ake samunta ba. Sandar kuwa da icen da Mandinka ke kira keno ake yin ta, wato madobiyarmu, kuma tun da aka yi ta sare shi ana lodawa zuwa Sin har aka sa shi cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta ƙasa da ƙasa kan cinikin namun daji da itatuwa ke sa wa ido a 2017, busasshe mai kyau ya yi wuya.

Cikin korar ma akwai wani zaɓin, kuma ya kamata a tsaya a kansa. Ta gargajiya da zobban fata ake ɗaure tsirkiyarta a jikin sanda, ana kiran su konso. In kana son murya ta hau, sai ka dafa sandar ka tura zoben sama da manyan yatsunka biyu, in ta wuce ka dawo da shi da ɗan tsinken ƙarfe. Da ka gyara ɗaya, nauyin da ke kan jaki ya canja, maƙwabtanta sun goce, sai ka sake zagayowa. Jali da ya tashi cikin abin yana yin wannan yana hira. Sabon shiga kuwa yana iya ƙarar da yammacinsa bai fara kiɗa ba. Amma konso ba ya tsatsa, ba ya karyewa, kuma in ya tsinke baduku zai iya kitsa wani in an nuna masa samfuri. Ɗaya nau'in shi ne mai ƙarfen murɗawa irin na jita, wanda sufayen Katolika na Keur Moussa, kusa da Dakar, suka taimaka ƙwarai wajen yaɗawa. An buɗe gidan nasu a 1963, suka shigar da kora cikin waƙoƙin ibadarsu, suka buɗe wurin ƙera ta, kuma Dominique Catta, ɗaya daga cikinsu, ya rubuta hanyar koyonta a takarda. Irin wannan kora ta fi tsada da nauyi, wasu tsofaffin makaɗa kuma suna cewa muryarta ba ta kai ta konso ɗumi ba. Duk da haka, ga wanda zai koya nesa da malami, ni ban ga abin tsayawa shawara ba: mai ƙarfen murɗawa zai saya. Manyan makaɗan da ke yawon duniya ma yawancinsu ita suke riƙewa yanzu.

Ƙarkonta ya danganta da kulawa. Tsirkiya ba matsala ba ce, tunda an daɗe da barin murɗaɗɗiyar fata an koma zaren fatsa na roba, wanda za ka samu kauri daban-daban wajen masu sayar da kayan kamun kifi. Fata da ƙwarya su ne abin tsoro. Da damina fatar takan saki, jaki ya ɗan nutse, murya ta sauka ta dushe. Da hunturu sai ta ɗame kamar za ta yi magana, ƙwaryar kuma ta bushe, kuma a lokacin ne ƙaramar tsaga ke zama babba. Kada a bar ta cikin mota a rana, kada a jingina ta da bangon da rana ke duka, a raba ta da ƙasa saboda gara. Gyartai zai iya ɗinke tsagar da ke fili, amma wadda ta shige ƙarƙashin fata sai an kwance komai.

Koyonta yana da daɗin farawa, domin kowace tsirkiya muryarta ɗaya, ba a danna ta, ko yaro ya taɓa sai ta yi zaƙi. Wahalar tana gaba. Kiɗan kora hawa biyu ne. Akwai kumbengo, zagayen da ke ta maimaituwa yana riƙe da waƙa, akwai kuma birimintingo, gudun yatsu da makaɗi ke yi in mawaƙi ya numfasa. Riƙe na farkon ba tare da ya karye ba yayin da kake shiga na biyun, wannan aikin shekaru ne. Ga kuma saitin murya na gargajiya har huɗu, silaba da tomora mesengo da hardino da sauta, kowanne da waƙoƙin da suka fi zama a cikinsa.

Malamai suna nan da yawa, sai dai suna nesa. Brikama a Gambiya, garin Alhaji Bai Konte, ta daɗe tana karɓar ɗalibai baƙi a gidajen jaloli, mutum ya zauna da iyali ya ci abin da suka ci. Haka Ziguinchor a Kasamas. A Bamako akwai gidajen Diabate da Sissoko, inda manyan makaɗan kora, marigayi Toumani Diabate, wanda ya rasu a Yulin 2024, da Ballake Sissoko suka tashi a maƙwabtaka, akwai kuma makarantar gwamnati mai sunan Balla Fasseke Kouyate, jalin Sunjata. Sai dai hanyoyin Mali ba su da tabbas a 'yan shekarun nan, kuma ɗan Najeriya ko Gana zai fi samun sauƙin shiga Gambiya da Senegal da fasfonsa na ECOWAS. A intanet kuwa darussan kora sun fi na sauran biyun yawa nesa ba kusa ba.

Haɗari biyu ne. Na farko korar 'yan yawon buɗe ido, wadda aka yi don rataye a falo. Za ka gan ta da zane da ƙyalli da araha, amma araha ba ta ado. Ƙwanƙwasa ƙwaryar ka ji ko tana da kauri. Danna fatar kusa da jaki, kada ta lotsa. Daga ƙasa ka hango sandar ka ga ko ta miƙe. Ƙirga tsirkiyar, domin akwai masu 12 ko 15 da ake sayarwa da sunan kora. Mafi kyau duka, ka je da makaɗi ya saita ta ya kaɗa a gabanka. Na biyu tafiya. A farkon 2020 Ballake Sissoko ya koma Faris daga rangadi a Amurka, ya buɗe akwati ya tarar da korarsa a wargaje. Ya zargi jami'an binciken kaya na Amurka, su kuma suka musanta. In haka ta sami mutum mai suna irin nasa da akwati na musamman, sai ka yi tunanin abin da saman motar haya zai yi wa taka.

Ngoni na jali

Wannan shi ne dattijon. Ƙaramin akushi ne mai tsawo da aka sassaƙa daga ice guda, aka ɗame da fata, aka soka masa sanda zagayayya, da tsirkiya huɗu zuwa bakwai. Wolof suna ce masa xalam, Fulani hoddu, Mandinkan Gambiya kontingo. Bahaushe in ya gan shi zai ce molo ne, kuma bai yi kuskure ba, dangi ɗaya ne. Ibn Battuta ya ga mawaƙa suna tafe gaban Mansa Sulaiman riƙe da irin waɗannan kayan kiɗa, wato ɗaruruwan shekaru kafin a ji labarin kora. Da ngoni ake kawo tarihin daular Segu ta Bambara, daga Biton Kulibali zuwa Da Monzon. Da shi Bazoumana Sissoko, makahon jalin nan da ya rasu a 1987, ya yi suna har aka ɗauki karin taken ƙasar Mali daga wurinsa. An san shi da ƙin yi wa masu mulkin zamaninsa waƙar yabo, kuma in mutanen Bamako suka ji rediyo ta saki muryarsa ba tsayawa, sun san wani babban abu ya faru a ƙasa.

Shi ne mafi araha, shi ne kuma mafi ƙarko. Jikinsa ice ne, ba ya fashewa don ya faɗi daga kan tabarma ko ya gogu da kaya. Yana shiga jakar goyo, yana hawa jirgi a hannunka. Fatarsa ƙarama ce, in ta yage duk mai haɗa molo ko garaya zai sake ta. Tsirkiyarsa da da izgar doki ake yi, yanzu ita ma ta koma zaren fatsa. Ha'inci ma bai cika yawa a cinikinsa ba, tunda ba shi ne abin da 'yan yawon buɗe ido ke rububi ba.

Amma fa kada ƙanƙantarsa ta ruɗe ka, shi ya fi wuyar farawa. Sandarsa sumul take, babu layukan ƙarfe irin na jita da za su nuna maka inda za ka danna. Tsirkiya biyu ake dannawa don fitar da waƙa, sauran gajeru ne da ake bugawa a sake. Kunnenka ne kaɗai zai gaya maka ko yatsanka ya sauka daidai, kuma kaucewa kaɗan ta isa ta ɓata komai. Hannun dama kuma yana da nasa horon: farcen manuniya na sara ƙasa, babban yatsa na biye, wani lokaci a ƙwanƙwasa fatar. Watannin farko ba daɗin ji. Muryarsa ma ƙarama ce, ta ɗaki ce da zaure, in za a hau dandamali sai an sa masa na'urar ƙara sauti. Bassekou Kouyate, ɗan Garana kusa da Segu, shi ya rataya shi a kafaɗa ya miƙe tsaye da shi, ya kuma haɗa ƙungiya ta ngoni zalla manya da ƙanana, abin da ya sa samari suka sake waiwayarsa.

Inda ngoni ya yi wa sauran fintinkau a wurinmu shi ne kusancin malami. Wanda ya iya molo ko gurmi hannunsa ya riga ya san hanya, abin da ya rage masa kunne da waƙoƙi. A Nijar kuma akwai jasare na Zabarmawa, waɗanda ke kawo tarihin jarumai da salsalar gidaje a kan molo, kuma su kansu suna danganta asalin sana'arsu ga Soninke na yamma. Duk wanda ya taso yana jin Djado Sekou a rediyon Yamai ya san yadda labari ke tafiya a kan tsirkiya uku, mai magana ya yi shiru molo ya ƙarasa masa. Wannan ita ce makarantar da ta fi kusa da mu, kuma abin takaici ne yadda matasanmu ke tsallake ta suna hangen Bamako.

Kamale ngoni

Sunan ya yi kama da na sama, amma ba danginsa ba ne. A ƙira ɗan'uwan kora ne: ƙwarya, fatar akuya, doguwar sanda ta gora ko ice, tsirkiya a layi biyu. Daga Wasulu ya fito, yankin da ya ratsa kudancin Mali da Gini da Kodebuwa, wanda mutanensa Fulani ne a asali, masu sunayen Diallo da Diakite da Sidibe da Sangare, ko da yake harshen Mande suke yi. Mahaifinsa shi ne donso ngoni mai tsirkiya shida, abin kiɗan ƙungiyoyin maharba, wanda bisa al'ada ba a kaɗa shi sai a hidimarsu. Wajen shekarun 1950 zuwa 1960 samari suka ƙera nasu ƙarami mai zaƙin murya don wasan dare da 'yan mata, ana kuma danganta fito da shi ga wani makaɗi, Alata Brulaye. Dattawa sun yi ta faɗa, abin bai hanu ba. Da mawaƙiya Oumou Sangare ta fito a ƙarshen shekarun 1980, da wannan kiɗan ta cika kasuwannin kaset na Afirka ta Yamma. Mu ma mun ga irin wannan tafiya, yadda garaya ta tashi daga hannun maharba ta shiga wasu fagagen.

Kuɗinsa tsaka-tsaki ne, ƙasa da kora sosai, saboda ƙwaryarsa ba ta kai tata girma ba kuma aikinsa bai kai nata ba. Bamako da Bobo Dioulasso a Burkina Faso su ne manyan wuraren ƙera shi. Yanzu ana yin mai tsirkiya 8, 10, 12 har 14, yawanci da ƙarfen murɗawa. Ga mai farawa 8 ko 10 sun wadatar. Ƙarkonsa bai kai na ngoni ba, tunda ƙwarya ce, fatar akuya kuma ta fi ta saniya saurin jin laima da saurin yagewa, amma sake ta ba wuya. Abin dubawa wajen saye shi ne sandar gora, kada ta zama ɗanya ko mai ƙwari, da ƙarafan murɗawa masu arha da kan kwance da kansu.

Wajen sauƙi babu kamarsa. Matakan muryarsa biyar ne, ba bakwai irin na kora ba, don haka kusan duk tsirkiya biyu da ka haɗa za su zauna da juna. Cikin 'yan makonni mai naci zai riƙe zagaye ɗaya da za a iya rawa da shi. Ga Bahaushe akwai ƙarin riba, domin da yawa daga waƙoƙinmu na gargajiya a kan matakai biyar suke tafiya, sai ka ji karin da ka sani tun yarinta ya faɗo cikinsa ba tare da an tilasta ba. Gwanintar tana cikin kashe sauti: a ja tsirkiya a danne ta nan take, ta ba da wannan ƙaran mai tsalle da ke sa kafaɗa motsi, ana goga karinyan, wani ƙarfe mai zarra-zarra, a gefe.

Sai dai a faɗi gaskiya, kamale ngoni ba ya kai mutum zauren tarihi. Mawaƙan Wasulu ba jaloli ba ne, da kansu suke zaɓar waƙa, kuma abin da suke rerawa soyayya ce da aure da kishi da nasiha. Wannan ne ya sa babu wanda zai tambaye ka ɗan gidan wa kake kafin ya koya maka, mace ko namiji. Donso ngoni kuwa yana da dogayen labaran maharba masu zurfi, amma shiga cikinsa shiga ƙungiya ce mai sharuɗɗa da layu da al'adun da ba kowane mai karatu zai yarda ya yi ba. Kada mai sayarwa ya haɗa maka su a matsayin abu ɗaya.

A taƙaice cikin jadawali

| Ma'auni | Kora | Ngoni na jali | Kamale ngoni |
|---|---|---|---|
| Tsirkiya | 21 | 4 zuwa 7 | 6 zuwa 14 |
| Kuɗi | Mafi tsada | Mafi araha | Tsaka-tsaki |
| Ƙarko a yanayinmu | Sai da kulawa sosai | Mai ƙarfi ƙwarai | Matsakaici |
| Farawa | Da daɗi, saiti ke wahalarwa | Da wuya | Da sauƙi |
| Ƙwarewa | Shekaru masu yawa | Shekaru masu yawa | Ta fi kusa |
| Malami | Gambiya, Senegal, Mali, intanet | Mali, da masu molo a gida | Mali, Burkina Faso, intanet |
| Babban haɗari | Ta ado, fashewa a hanya | Gajiya a bari | Ɗanyar gora, arhar ƙarfe |
| Alaƙa da tarihin baka | Kabu da Mali | Mali da Segu, mafi tsufa | Kaɗan ce |

Wa ya dace da wanne

In kai mawaƙi ne mai shiga situdiyo, kana neman sabon sauti da za ka ɗora waƙar Hausa a kai cikin wannan shekarar, kamale ngoni za ka saya. Haka wanda ke son abin da zai ɗebe masa kewa bayan aiki, ko uban da ke son gwada ɗansa ya ga ko yana da hannu kafin a kashe kuɗi mai yawa.

In ka riga ka iya molo, gurmi ko garaya, ko aljihunka bai da nauyi, ko kana yawan tafiya, ngoni ne naka. Shi nake zaɓa wa ɗalibin tarihi ko na adabin baka da ke son ya fahimci yadda kiɗa ke riƙe labari, domin zai iya farawa a Sakkwato ko Dosso ko Yamai, ya kwatanta abin da ya ji a gida da na Segu. Sharaɗin kawai ya yi haƙurin watannin farko.

Kora ta wanda ya shirya ne: yana da kuɗin mai kyau da akwatinta, yana da ɗaki mai inuwa da zai ajiye ta, kuma yana da niyyar ya je ya zauna gaban malami ko da wata biyu ne, ba bidiyo kaɗai ba. In ɗaya daga cikin ukun nan ya rasa, gara ya jinkirta ya fara da kamale ngoni, tunda riƙon da aikin yatsun suna kama, ba abin da zai yi asara. 'Yar'uwa mai sha'awar kora kuma kada a ce mata ba a yi. Gaskiya ne a al'adar jali maza ke kaɗawa mata na rerawa, kuma manyan muryoyin tarihi irin su Kandia Kouyate mata ne. Amma Sona Jobarteh, 'yar gidan jali, ta riƙe kora ta zagaya duniya da ita, ta kuma buɗe makaranta a Gambiya a 2015.

Saura mutum ɗaya, wanda in ya bincika zuciyarsa zai ga ba kiɗan ne ya dame shi ba, labarin ne: wane ne ya haifi wane, me ya kai Sunjata gudun hijira, yaya Wangarawa suka taso daga Mali har suka iso Kano zamanin Sarki Yaji. Wannan kada ya sayi ko ɗaya tukuna. Jali yana iya koya wa baƙo kumbengo cikin mako guda, amma salsala da kirarin gidaje da ma'anar tsofaffin kalmomi sai wanda ya ji harshen kuma ya daɗe a gidan ake buɗe wa. Kuɗin korar ya kashe su wajen koyon Bambara ko Mandinka, ya sayi rikoda mai kyau, ya tanadi goro da abin hasafi na malam, ya nemi izini kafin ya ɗauki muryar kowa.